Karaya Ba Faɗuwa

A Rano da Kibiya, da zarar an ji ƙashi ya karye sai a nufi gidan mai ɗori. Ban raina ɗori ba, sana'a ce ta gado. Amma tsohuwar da ta yunƙura daga kan tabarma cinyarta ta ɓalle, ba faɗuwa ba haɗari, me za a ɗaure mata? Ƙashin ne ya riga ya ci daga ciki, kuma karan ɗori ba ya faɗin dalili. Wani lokaci zaizayewar ƙashi ce bayan ɗaukewar al'ada, wani lokaci ciwon ƙoda, ko dajin mama ko na mafitsara da ya yaɗu. Ga kuma ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke sha ba umarnin likita. Masu sinadarin sitiroyid a cikinsu suna cinye ƙashi a hankali. Mu kuwa sai mu ce sammu ne. Alhali Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, ga kuma asibitin Malam Aminu Kano. A ganina hoton ƙashi kaɗai bai isa ba, a matsa a yi gwajin jini da na ƙoda, ko da kuɗin motar zuwa Kano zai ci buhun masara.