Bohol Ko Ɗalibi? Shawara Ga Magadan Alhazan Kwari

Yau ku yi min afuwa, ba maganar littafi na zo da ita ba, maganar ruwa ce da maganar mamatanmu.

Mun saba a Kano, idan wani babban ɗan kasuwa ya rasu, ko na Kantin Kwari ne ko na Sabon Gari, da an gama zaman makoki an raba gado sai 'ya'ya su ce za a yi wa Alhaji sadaka mai gudana. Mafi yawan lokaci rijiyar burtsatse ake haƙawa a ƙofar gida ko jikin masallaci, a ɗora tanki, a rubuta sunan marigayi. Allah Ya kai ladan kabarinsa. Ni ba na raina wannan aiki, don wanda ya taɓa jiran ɗan garuwa tun asuba a Fagge ya san darajar jarka ɗaya. Kuma abin yana da asali, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'ar Madina, Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo wa alhazai ruwa zuwa Makka.

Amma tambayata ita ce, wa yake auna ruwan da ke fitowa daga waɗannan rijiyoyi? A unguwa mai cunkoso irin Sabon Gari, inda gida ke manne da gida, ka ga an haƙa bohol taku kaɗan daga masai ko kwata. Ruwa ya fito garai-garai, kowa ya yi hamdala. To ai ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ba sa canza wa ruwa launi, sai an kai shi ɗakin gwaji ake ganinsu.

Ku dubi Jakara. Wannan rafi daga cikin birni ya taso, ya kwashi dattin unguwanni, ya haɗa da na mayanka, ya ratsa ta gefen Fagge da Sabon Gari. Can gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su zarce madatsar Wasai a Minjibir. A kan hanyar nan manoman rani suke jan ruwan suna ban-ruwan latas da kabeji da alayyahu, kamar yadda ake gani a wajen Kwakwaci. Wannan ganye kuwa ba sama yake tafiya ba, kasuwa yake zuwa, daga nan sai tukunyar Hajiya. Malamai da ɗalibai a Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan nan suna samun ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyom a ciki. An rufe wani sashe na rafin an shimfiɗa titi a kai, ido ya huta, amma ruwan da ke ƙarƙashi yana nan yadda yake. Su ma 'yan Kwari ba su tsira ba, ambaliyar damina ta 2022 ta shiga kasuwar ta jiƙa atamfofi da shaddodi na maƙudan kuɗi.

Saboda haka shawarata ga magada, a raba kuɗin sadakar nan biyu. A haƙa rijiya idan ana buƙata, sauran kuma a kafa tallafin karatu da sunan marigayi, a riƙa ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu duk shekara, masu nazarin ruwa da muhalli a Jami'ar Bayero ko ta Wudil. Ba kuɗin rajista kaɗai nake nufi ba. Lamunin karatu da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024 na kuɗin makaranta ne da na ɗawainiya. Abin da ke karya ɗalibin da ke shekarar ƙarshe ko mai digiri na biyu shi ne kuɗin bincike: sayen sinadarai, biyan ɗakin gwaji a kan kowace kwalba, kuɗin mota zuwa Wasai rani da damina. Idan babu, sai yaro ya ɗebi kwalba uku ya rubuta kundi, a ba shi maki, a wuce wurin.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A Kenya, bayan rasuwar Wangari Maathai a 2011, matar nan mai dashen itatuwa da ta samu kyautar Nobel a 2004, an kafa asusun tallafi da sunanta don matasa masu aikin muhalli. Mu kuwa gwanaye ne wajen sa suna a gini. Marigayi Audu Baƙo, wanda a zamaninsa aka yi madatsar Bagauda da ta Tiga, mun sa sunansa a sakatariya da gidan zu da kwalejin noma ta Dambatta. Kasuwar Sabon Gari ma sunan Abubakar Rimi take amsawa. Duk sun cancanta, sai dai allon suna ba ya saya wa ɗalibi kwalbar gwaji ko guda.

Na san abin da wani zai ce: rijiya ana ganinta, shi kuwa ɗalibi yana iya cin kuɗin, ko ya gama ya tsallake Ingila, kundin nasa ƙura ta rufe shi a kan kanta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma rijiyar ma ai nawa muka gani sun mutu bayan shekara biyu don injin ya ƙone babu mai gyara? Kuma hadisin da muke kafa hujja da shi a kan sadaka mai gudana, shi ne dai ya ambaci ilimin da ake amfana da shi a jere da ita.

Maganin wancan tsoro sharaɗi ne. Kada a damƙa kuɗi a hannun yaro, a biya ɗakin gwaji kai tsaye ta hannun sashensa. Binciken ya zama a kan ruwan unguwanninmu, kuma rijiyar da aka haƙa wa Alhaji ita za a fara aunawa. Kada a ce sai ɗan dangi ko ɗan ƙabila, don ruwan Jakara bai san Bahaushen Fagge da Ibo ko Bayaraben Sabon Gari ba. Sannan idan an gama, ɗalibin ya rubuta sakamakon da Hausa a shafi biyu, a kai wa mai unguwa da limamin masallacin da tankin yake, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.