Sai da Ruwan Ciki Akan Ja na Rijiya

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a 1981 mahaƙar tagulla ta Palabora, a Afirka ta Kudu, ta ja wayoyin lantarki bisa hanyar fitowa daga rami. Babbar mota maƙare da dutse, in ta iso hawa, sai ta ɗaga ƙarfe ta taɓo waya: inji ya huta, shan man gas ya ragu, gudu ya ƙaru. Yau haka ake yi a Kansanshi ta Zambiya.

Mu fa? Ana ta yi mana alkawarin ƙarfen Itakpe, alhali mai walda a Maƙarfi janareta yake tayarwa. Wutar da ta kasa riƙe ƙwan fitila, ina za ta ja mota? Mu magada ofisoshin nan, mu nace: a gyara wuta tukuna, sannan a sayo motoci.