Ra'ayinmu: Kafin Damina ta Sake Rushe Mana Gidaje

 

Duk mazaunin Yalwawa ko Fagoji ko wata unguwa ta Dutse ya san zaman ɗar-ɗar da ake yi idan watan Agusta ya kama. Ruwa ya kwana yana sauka, ya gangaro daga kan duwatsu ya rasa hanyar wucewa, da asuba kuma a ji cewa katangar wane ta faɗi, ɗakin wane ya rufta. A 2022 ambaliya ta raba mutanen Karnaya, cikin ƙaramar hukumar Dutse, da muhallinsu, ta mamaye gidaje da gonaki a Ringim da Jahun da Miga da Auyo da Haɗeja. A faɗin Nijeriya kuwa hukuma ta ce fiye da mutum 600 suka rasu a shekarar. A 2024 ma aka maimaita. Da yawa daga waɗanda muke rasawa a wannan jiha ɗakin ƙasa ne da ya sha ruwa yake danne su suna barci.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar da ake rufe zance da ita bayan kowace jana'iza: ƙaddara ce. Haƙiƙa ƙaddara ce, kuma imani da ita rukuni ne. Amma bai halatta a mayar da ita mayafin sakaci ba. Sayyidina Umar (RA), da ya isa Sarg aka ba shi labarin annoba a Sham, juyawa ya yi da mutane, ya fahimtar da Abu Ubaida (RA) cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Annabi Yusufu (AS) kuwa shekara bakwai ya yi yana tanadin hatsi saboda farin da bai zo ba tukuna. Babu wanda ya zarge su da raunin tawakkali.

Mutanen Ringim da Auyo suna da hujja idan suka yi kuka da ruwan madatsun Tiga da Challawa, da kuma kacallar da ta toshe hanyoyin Kogin Haɗeja. Mu a Yalwawa ba mu da wannan uzuri, domin ruwan Tiga ba ya zuwa ƙofar gidanmu. Namu ruwan sama ne da muka tare wa hanya da hannunmu. Kududdufin da kakanninmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsa, shi ne yake shanye ruwan unguwa. Yau an cike shi da shara an yanka fuloti. Magudana ta cika da leda. Mutum ya sayi fili da rani a kan hanyar ruwa, dillali ya sani, mai unguwa ya sani, aka yi shiru. Wannan algus ne, kuma ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne ko hatsi ne ko fili.

Ginin ƙasa shi kansa ba mu ga laifinsa ba. Magabata sun zauna cikin soraye tsawon zamani saboda sun san haƙƙinsu: yaɓe kafin kowace damina, makuba ko laso a jikin bango, indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindin katanga. Mu mun bar wannan, ba mu kuma kai ga ginin bulo mai inganci ba. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa. Saboda haka wanda ba shi da halin bulo ya ɗaga harsashin ɗakinsa da dutse da siminti ya wuce inda ruwa yake kaiwa, sannan ya ɗora tubalinsa, ya sa kwanon ya zarce bango. Abin kunya ne a ce garin da sunansa Dutse ya rasa dutsen harsashi. Masu buga bulo kuma su ji tsoron Allah, domin bulon da aka tauye wa siminti yana iya zama sanadin ran mutum.

Sai batun inshora, wadda ake yawan tambayarmu a kanta. Mas'alar ba sabuwa ba ce. Ibn Abidin, malamin Hanafiyya da ya rasu a 1836, ya tattauna inshorar kayan jiragen ruwa. A 1985 Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato ka biya kuɗi a kan abin da ba ka san za ka samu ko ba za ka samu ba. Adalci ne mu faɗa cewa Shaihu Mustafa az-Zarƙa ya saɓa wa wannan, ya ga halaccinta, ko da yake mu muna tare da mafi rinjaye. Sai dai mutanenmu sun riƙe rabin fatawar sun saki rabi. Wannan majalisar a zama guda ta halatta inshorar taimakon juna, wadda ake kira takaful: kowa ya zuba nasa da niyyar kyauta, wanda masifa ta shafa a ɗiba a ba shi, kuɗin kuma ba ya shiga riba. Asalinta yana cikin Sunna, domin Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi wuri guda su raba daidai. Sudan ta kafa kamfanin farko irin wannan a 1979. A nan gida hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful.

To amma mu tambayi kanmu, magidanci nawa ne a Yalwawa ya taɓa jin sunan takaful? Kuma wane kamfani ne ya zo ya tsara wani abu da ya dace da mai ɗaki biyu na ƙasa, wanda ba shi da takardar mallaka sai shaidar mai unguwa? Kwanon masara da tabarma da ake rabawa bayan ambaliya ba sa ta da bango.

Shawararmu ga kwamitocin masallatai ita ce su buɗe asusun taimakon juna na gyaran muhalli, dabam da zakka, domin zakka tana da masu ita da Alƙur'ani ya ƙayyade. Masarautar Dutse ta riga ta nuna ta hanyar kwamitinta na zakka cewa mutanenmu suna bayarwa idan suka ga amana. A rubuta komai, a karanta lissafi a bainar jama'a, a kuma fara kashewa tun bazara wajen gayyar yashe magudanai da ɗaga harsashin gidajen marayu da zawarawa. Akwai rauni guda da ba za mu ɓoye ba: ambaliya takan ci unguwa gaba ɗaya a dare ɗaya, asusun masallaci guda ba zai ɗauka ba. Dole a haɗa asusun Dutse da na Kiyawa da Birnin Kudu da Ringim, ko a jingina shi ga kamfanin takaful mai lasisi bayan malamai sun karanta yarjejeniyar layi-layi.

Muna roƙon limamanmu su keɓe huɗuba ɗaya ga wannan batu kafin ruwan farko, su kuma sanar da jama'a hasashen da hukumomin NiMet da NIHSA suke fitarwa kowace shekara. Wanda ɗakinsa ya tsage, kwamiti ya sama wa iyalinsa wurin kwana tun kafin marka ta fara.