Kasetin 1978 da sai da ya je Amurka kafin mu san darajarsa

Ƴan uwa matasa, da yawanmu mun tashi muna jin kiɗan Mamman Sani a rediyo da tele, a ɗan tsakanin shiri da shiri, ba tare da mun san sunan mai shi ba. A 1978 ya naɗi kasetinsa na farko a Yamai da ƴar organ ɗinsa ta lantarki. Sai a 2013 Sahel Sounds, wani ƙaramin kamfani na birnin Portland a Amurka, ya sake fitar da shi a faifai da sunan La Musique Électronique du Niger. Bayan haka ne tsohon ya yi rangadin Turai.

Kamfanin nan ne kuma ya fitar da tsofaffin waƙoƙin Azna de l'Ader na Tawa, da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Kano.

Ni ba na cikin masu cewa Bature ya sace mana kiɗa. Ya zo ya tarar da kaset cikin ƙura, ya ɗauka. Aikin ma ba tsafi ba ne: a juye zaren kaset cikin kwamfuta, a rage shuu ɗin da ke bayansa, a daidaita sauti, a rubuta sunan mai waƙa da shekara. Yaran da ke studiyo a Maraɗi da Damagaram sun iya wannan sarai.

Tambayata ita ce, don wa ake sake fitarwa? Faifan garmaho ne, da dala ko yuro ake sayensa. Wa ke da na'urarsa a unguwarku? Mu da portabul da kart memuwar muke sauraro.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Zaren kaset ba ya son zafi da ƙura da laima, ga su kuwa muna da su har da ƙari. Abin da Voix du Sahel ta naɗa na su Ɗan Gurmu, in zaren ya lalace, shi ke nan, mai muryar ba ya dawowa ya sake rerawa.

Don haka abu uku nake nema. RTN da cibiyar CFPM Taya su juye abin da ke hannunsu, su buga jerinsa kowa ya gani. BNDA ta tabbatar duk wanda zai sake fitar da waƙa ya biya mai ita ko magadansa, da takarda a rubuce. Sannan a sayar da ita nan gida, a farashin da ɗan lakwal zai iya.

Saura namu. Kwalin kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadon baba, don Allah kada a ba yara su warware zarensa. A fito da shi, a rubuta abin da ke jiki, a kai wa mai juyewa tun yana magana.