Ɗalibin Maga da Ƙofar Banki

A Ingila, ɗalibin jami'a yakan buɗe asusu a banki, a ba shi izinin cire kuɗi fiye da abin da ya ajiye, ba tare da ruwa ba, har zuwa wata iyaka. In ta yi masa kaɗan, sai ya nemi a ɗaga ta. Ɗan manomin shinkafa da ya taso daga Maga zuwa Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, ko ta Garwa, wadda ta samu a 2022, idan ya ji wannan labari sai ya ɗauka tatsuniya ce. A Kamaru irin wannan rance na mai albashi ne, wanda kuɗinsa ke faɗawa asusu a ƙarshen kowane wata. Ɗalibi kuwa ba shi da takardar albashi, don haka maganar a ƙara masa ba ta ma taso ba.

Da alama an yi masa rowa, amma ba irin rancen da ya dace da shi ba ne. Rancen ƙetare ajiya an ƙirƙire shi ne don toshe giɓin 'yan kwanaki kafin albashi ya sauka, kuma ruwansa da cajinsa suna hauhawa muddin asusu na cikin rami. Wanda ba ya jiran komai a ƙarshen wata, kowace ɗaga iyaka zurfafa masa ramin take yi, ga kuma damuwar riba ga wanda ke kiyaye addininsa.

Matsalar ɗalibin Maga ta lokaci ce. Tun gyaran jami'o'i na 1993, da gwamnati ta soke tallafin da take bai wa ɗalibai, kowa ke biyan sefa 50,000 a shekara, wato jaka hamsin a bakin 'yan kasuwa. Kuɗin ba su ne mafi nauyi ba. Hayar ɗaki, abinci, kwafin takardu da kuɗin mota ta hanyar Bogo su ne ke cinye aljihu. Duk waɗannan suna taruwa ne a watan Oktoba, lokacin da shinkafar damina ba ta kai ga yanka ba. Mahaifinsa ba fakiri ba ne. Yana da fili a gonakin SEMRY, waɗanda ke shan ruwa daga tafkin da aka datse a 1979, ko kuma yana da kwalekwale da koma. Sai dai dukiyarsa tana tsaye a gona, kuma kamfanin na jiran nasa kuɗin ruwa da huɗa. Abin da kan biyo baya sananne ne: a karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa, a biya da buhuna bayan girbi a kan farashin da mai kuɗi ya yanka. Wannan ma ruwa ne, ko da ba a kira shi da sunansa ba.

Saboda haka abin da ya kamata a nema wurin bankuna da ƙananan cibiyoyin bashi shi ne rance ƙayyadadde, mai ranar biya da ta dace da girbi, wanda ƙungiyar manoma za ta tsaya wa. Matan da ke zuba adashi sun daɗe da gane cewa sanin mutum jingina ne. Banki ne ya makara. Afriland First Bank ma yana da sashen hada-hadar Musulunci, kuma fikihu ya san cinikin salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona tun kafin ya nuna bisa sharuɗɗa bayyanannu.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren banki, ba za a ɓoye ta ba. Kogin Logone ba ya da alkawari. Ambaliyar 2012 da ta 2024 sun nuna cewa gona na iya nutsewa cikin dare ɗaya, kuma babu mai ba da bashi da zai ɗauki wannan kasada shi kaɗai. Nan ne aikin hukuma yake. Najeriya ta kafa asusun NELFUND da dokar 2024, yana ba ɗalibai rance marar ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Kamaru ba sai ta kwafi wannan duka ba. Ya isa ta lamunce wa banki asarar shekarar ambaliya, ta bar sauran shekarun tsakanin banki da manoman Mayo-Danay.