Jami'ar da ke ɗauke da sunan marubucin "Tanimoune" ta cancanci dandalinta

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Damagaram ya san yadda garin ke canjawa daga watan Disamba zuwa Fabrairu. Hazo ya rufe duwatsun Birni, leɓe ya tsattsage, da an idar da sallar isha'i sai kowa ya nemi bargo ko gefen tukunyar shayi. A wajen ɗalibi, wannan ne lokacin da ya fi daɗin karatu a shekara, domin da zafin Afrilu ya shigo, zama a aji ma aiki ne. Dare kuma yana da tsawo, kuma yawancinsa yana ƙarewa ne a fada, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Ra'ayina shi ne a ware wani ɓangare na waɗannan darare domin wasan kwaikwayo, a mayar da shi abin da ɗaliban Zinder ke jira kowace shekara.

Jami'ar garin tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Zinder da aka haifa a 1942, ya rasu a 2022. Mutane da yawa sun san shi a matsayin masanin tarihi da ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Kaɗan ne ke tuna cewa marubucin wasan kwaikwayo ne. Shi ya rubuta "Tanimoune", a kan Sarki Tanimun ɗan Sulaiman wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, ya mai da Damagaram daular da ake shakka. Ɗalibi zai iya shekara uku yana wucewa ƙarƙashin wannan suna kullum, ya karɓi takardarsa ya tafi bai taɓa ganin wasan a kan dandali ba. Wannan abin kunya ne gare mu duka.

Sana'ar kuma ba baƙuwa ba ce a garin. Wasan kara, inda matasa ke shiga irin ta sarki da hakimai da manyan gwamnati suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu, ya daɗe yana koya wa Damagarawa cewa ana iya faɗa wa mai mulki gaskiya cikin raha. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar teyatur tsakanin jihohi, kuma a Zinder ne Yazi Dogo, wanda malamin makaranta ne, ya yi suna tare da abokan wasansa na gidan rediyo. Har wata baiwar Allah 'yar Amurka, Janet Beik, ta zo ta yi nazarin teyatur ɗin Hausa na Nijar, ta fitar da littafi a kansa a 1987. Iyayenmu sun yi wannan aiki da fitila da tabarma da 'yan tsummoki.

Wani zai ce ai ɗalibai suna yin 'yan gajerun wasanni a makon al'adu. Gaskiya ne, amma wasan minti goma da aka haɗa ana gobe biki, tsakanin rawa da jawabin baƙo, ba ya horar da kowa. Wanda ya yi wata biyu yana haddace rawar da zai taka, yana zuwa gwaji kan lokaci, yana jure gyaran abokansa, shi ne ke fita da abin da zai amfane shi: tsayawa gaban jama'a ba tare da murya ta yi rawa ba. Malamin aji na buƙatar wannan, lauya ma haka, har mai neman aiki a gaban masu tantancewa.

Akwai kuma batun harshe. Tun 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma karatun jami'a har yanzu da Faransanci ake yin sa. Dandali wuri ne da ɗalibin shari'a ko na tattalin arziki zai gwada ko zai iya bayyana abin da ya koya da harshen mahaifiyarsa. A fassara "Tanimoune" zuwa Hausar Damagaram, a kai shi Zango da Kara-Kara, a kai shi makarantar Amadu Kuran Daga domin 'yan ƙananan aji su gani. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta bi wannan hanya tun shekarun 1970, lokacin da ɗalibanta suka fara fita ƙauyuka suna haɗa wasa da manoma a kan matsalolinsu.

Na san ƙorafin da za a yi. Na farko kuɗi: ɗalibin da ke jiran alawus ɗinsa, yana lissafin abincin dare, ina ruwansa da teyatur? Amma wannan jiran kansa labari ne da ya kamata a gani a dandali, kuma wasan da ya sa shugabanni dariya suna jin kunya yakan isa inda jifa ba ta isa. Na biyu, tsoron iyaye da malamai kan cuɗanyar maza da mata da dare. Wannan damuwa ce ta gaskiya, maganinta kuma tsari ne: a yi gwaji da la'asar, a fili, da malami mai kula, a gayyaci iyaye ranar nuni.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: ɗaki guda da za a bar wa 'yan wasa, lasifika biyu, da mako guda a watan Janairu da hukumar jami'a za ta sa cikin jadawalinta. 'Yan Damagaram da ke Yamai, Kano, Abijan ko Faransa, waɗanda ke tara kuɗi a zaurukan WhatsApp domin masallaci da asibiti, za su iya ɗaukar nauyin kayan sawa da kyautar gwarzon shekara. Tsofaffin 'yan teyatur na zamanin samariya da suka rage a garin kuwa, a je a gaishe su, a roƙe su su zo su zauna a wajen gwaji tun hunturun bana, domin shekaru na ja.