Ra'ayinmu: Ɗauki Ƙarfen, Ka Bar Ƙotar A Gida



Hutu ya ƙarato, kuma tun makon jiya muke jin hirar da ake yi a bayan aji da gindin darbejiya. Wannan zai bi ogansa Gusau aikin rufin kwano, wancan zai tafi Sakkwato wurin kawunsa mai shagon kujeru, wasu kuma ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Bakolori za su zaga. Idan aka ƙirga 'yan makarantar nan da ke wucewa shagon kafinta bayan an tashi, aka haɗa da waɗanda suka gaji sassaƙa a gida, za a ga suna da yawa. Dominsu muka ware shafin wannan mako, a kan tambayar da ake rainawa har sai an isa tasha: me za ka sa a buhu?

Bari mu fara da abin da ya sami wani ɗan ajinmu a hutun bara. Ba za mu ambaci sunansa ba, amma da izininsa muke ba da labarin. Ogansa ya riga shi tafiya, ya ce ya biyo shi da kayan aikinsa. Sai mutumin naku ya kwashe duk abin da ke ɗakinsu: gatari biyu, adda, guduma uku, babbar jakfilen, kwalin ƙusa, har da injin huda katako na lantarki da ya aro wurin yayansa. A tasha direba ya ɗaga buhun, ya ce sai dai a biya masa kuɗin mutum guda. Ya biya. A hanya aka tsayar da su a shingen jami'an tsaro, aka kwance buhu, sai ga gatura da adda da ƙotocinsu, ga yaro ɗan shekara 17, babu wata takarda a aljihunsa da za ta nuna wane ne shi da inda za shi. Mota ta gaji da jira ta tafi. Sai bayan la'asar, da aka samu ogan a waya, aka sallame shi, amma gatura da addar can suka kwana, har yau. Da ya isa garin kuma ya tarar sun fi wata ba su ga wuta ba, inji ya zama matashin kai. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne zartonsa ya dakushe tun rana ta biyu, ga shi bai ɗauko magagari ba. Guduma uku, magagari ko ɗaya babu.

Ba mu ga laifin waɗanda suka tsayar da shi ba. Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san halin da ake ciki. A shekarar 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai mata daga Jangebe a watan Fabrairu, aka kuma kwashe wasu daga Kaya ta Maradun a farkon Satumba, har ta kai gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Tun daga lokacin, buhun da ƙarfe mai kaifi ke leƙowa daga cikinsa ba ya wuce shinge ba tare da tambaya ba. Kakanninmu da ke tafiya cin rani da gizago rataye a kafaɗa sun yi nasu zamanin. Mu namu zamanin ya sha bamban, dole shirin kayanmu ya dace da shi.

Ra'ayinmu shi ne mai tafiya aiki ya yi wa kowane abu tambaya biyu kafin ya jefa shi a buhu. Ta farko, zan ci abinci da shi tun ranar da na sauka? Ta biyu, idan na bar shi, zan same shi ko in ƙera shi a can? Abin da ya ci tambayar farko kuma ya gagari ta biyu, shi ke tafiya. Sauran su jira ka a gida.

Wani dattijo masassaƙi da ke kawo turame da akusa kasuwar Talatar Mafara ya taƙaita mana zancen lokacin da muka je masa da tambayar. "'Ya'yana, ƙarhe ad da wuya," in ji shi, "icce ko'ina akwai shi." Ya nuna mana jakar fatarsa: kan gizago babba da ƙarami, kan gatari guda, kurfi, da dutsen wasa kayan aiki. Babu ƙota ko ɗaya. Idan ya sauka a gari, yininsa na farko na sassaƙa ƙota ne, kuma ƙotar da ya sassaƙa da hannunsa ta fi zama daidai da hannun. Ku duba hikimar: nauyi ya ragu, buhu ya gajarce, sa'annan kan gatari da aka naɗe a tsumma tare da kurfi da awo yana bayyana kansa a matsayin kayan sana'a. Adda kuwa ba ta da hurumi a buhun kafinta ko kaɗan. Babu ƙauyen da za ka je ka rasa ta aro.

Ga masu aikin kafinta, zarto ne uban tafiya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Akwai zarton da ke cika shaguna yanzu, mai haƙora baƙaƙe ko masu shuɗi-shuɗi. An gasa haƙoran ne domin su yi tauri, shi ya sa yake da kaifi sosai yana sabo, amma idan ya dakushe magagari ba ya cinsa, sai dai a yar. Mai shago a cikin gari zai iya sayen wani. Kai da za ka yi mako shida a ƙauye, tsohon zarto mai haƙora farare ya fi maka, tare da ƙaramin magagari mai kusurwa uku. Minti goma sha biyar da asuba ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, zarto ya dawo sabo. Haƙoran kuma kada ka bar su tsirara a buhu. Nemi guntun tsohon tiyon ban ruwa, irin wanda ke yashe a kowace fadama a nan, ka tsaga shi a tsaye, ka sanya a bakin zarton, ka ɗaure da roba.

Guduma ɗaya ta isa, mai ƙahon cire ƙusa, wadda ba ta kai rabin kilo ba. Ka duba kanta kafin ka tashi, domin iskar hunturu tana busar da ƙota har kai ya riƙa girgiɗi, kuma kan guduma da ya fice a saman rufi ba wasa ba ne. Cizal biyu, na rabin inci da na inci ɗaya, za su yi maka kusan duk wani rami na ƙofa da taga da benci. Kada ka ɗauki gudumar katako ta buga cizal, guntun ƙirya ko maɗaci da za ka tsinta a wurin aiki zai yi. Tef na awo mai mita 5, fensir biyu, sukundireba, da ƙaramar sikweya da ke shiga aljihu. Babbar sikweya ta zauna a gida, domin abin da malamin lissafi ya sha koya mana muna hamma shi ne zai yi aikinta: auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, idan tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwa ta miƙe daidai. Masu cewa lissafin Pythagoras ba ya kawo tuwo, ga amsarku a kan jinka.

Jakfilen ce muka yi gardama a kanta a taronmu na ƙungiya, kuma ba mu rabu da baki ɗaya ba. Babbar, mai tsawon inci 14, ta haura kilo biyu. Masu zuwa rufin kwano, inda aikin bai wuce yankan tu-bai-fo da tu-bai-tu da buga ƙusa ba, ɗaukar ta wahala ce kawai. Masu zuwa shagon kujeru da gadaje kuwa ba su da aiki sai da ita. Abin da muka tsaya a kai shi ne ka tambayi oganka irin aikin tun kafin ka tashi, kuma idan za ka ɗauke ta, ka janye bakinta ciki ka naɗe ta a tsohuwar riga, domin jikinta na ƙarfen zubi ne, idan ta faɗo daga saman mota tsagewa take yi.

Amma idan aka ce mu zaɓi abu ɗaya da ba za mu taɓa bari ba, dutsen washi ne. Shi ne abin da kowa ke mantawa, saboda ba ya yanka komai, ba ya kuma burge kowa. Cizal da bakin jakfilen da gizago duk a kansa suke rayuwa. Yaro mai kaya biyar masu kaifi zai gama ƙofa kafin mai kaya ashirin dakusassu ya gama tsaki, kuma dakusasshen ƙarfe ya fi yanka mai shi, domin sai an danna shi da ƙarfi, daga nan ya zame. Ka haɗa da 'yar kwalbar baƙin mai da tsumma. Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, kwana biyu a ɗaki mai laima sun isa zarto ya yi ja da tsatsa.

Mun san za a ce mana zamani ya wuce nan, yanzu inji ake yayi. Ba mu ƙi inji ba, wanda ya taɓa huda katako ɗari da hannu ba zai ƙi shi ba. Sai dai inji yana tafiya da sharaɗi: ko wutar da ba ta da tabbas, ko janareta, kuma kowa ya ga yadda farashin fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Mai batir ma sai an yi masa caji. Ga shi ya fi komai jan idon ɓarawo a masauki, kuma galibi na aro ne, idan ya ɓace ribar hutun gaba ɗaya ta tafi biyan bashi. Idan ogan yana da inji a wurin aikin, ka koya a can. Ƙusa da gam da sanfefa su ma a can ake saye, mai aiki ne ke biya, ba a ɗauko su daga gida.

Wasu malamanmu kuma za su ce ɗalibi littafi ya kamata ya sa a jaka. Gaskiya ne, kuma buhun da muka tsara ya bar wa littafi wuri, wanda na abokinmu na bara bai bari ba. Amma mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikinmu da kuɗin wannan aikin na hutu ake ɗinka musu yunifom, a kuma tara na rajistar WAEC da NECO. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau nan a Talatar Mafara, kuma wanda ya shiga fannin gine-gine da hannun da ya saba da awo da zarto ya riga takwarorinsa da taki guda.

Saura abu na ƙarshe, wanda ba ƙarfe ba ne kuma ba ya da nauyi. A ƙasar Jamus har yau akwai matasan kafintoci da ke bin tsohuwar al'ada: idan sun gama koyon sana'a sai su fita yawon aiki na shekara uku da kwana ɗaya, kayansu ƙunshe a ƙyalle, da wani ɗan littafi da ake buga musu hatimi a garuruwan da suka sauka, masu ba su aiki kuma su rubuta shaida a ciki. Littafin ne ke gabatar da su ga wanda bai san su ba. Abin da ya rasa ke nan a aljihun abokinmu a bakin shinge. Don haka kowa ya tafi da katin shaidarsa na makaranta, da takarda daga ogansa ko shugaban kafintocin unguwarsu mai ɗauke da sunan yaro, garin da za shi, lambar wayar wanda zai karɓe shi, da jerin kayan da ke cikin buhu. Ka tashi da safe, ka hau mota a tasha, kada ka yarda dare ya same ka a hanya, kuma iyayenka su san motar da ka hau.

Muna roƙon hukumar makaranta da malamin fasaha abu biyu kafin a rufe. A ware mana yammacin rana ɗaya a koya wa masu bukata wasa cizal da gyaran haƙorin zarto, kowa ya zo da nasa. Sa'annan a tanadi gajeriyar takarda mai hatimin makaranta ga duk ɗalibin da iyayensa suka tabbatar zai tafi aikin hutu. Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan shafi, mai bukata ya rubuta sunansa da ajinsa kafin ranar Alhamis domin mu miƙa wa ofishin shugaban makaranta.